Lambar da na rubuta wa Malam Kabiru

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Saratu, daga Kurfi. Ku yi haƙuri, da kunya na tsaya a nan yau.

Shekarar da ƙanwata Rifkatu ta samu gurbi a kwalejinmu a Dutsin-Ma, Mama ta kama hannunta ta sa a nawa, ta ce, "Ga amana."

Makon farko aka ce kowa ya ba da lambar waya, don in wani abu ya taso makaranta ta turo saƙon gaggawa. Mai karɓa wani ma'aikaci ne, Malam Kabiru. Ni kuwa lokacin ji nake da kaina, duk namijin da ya ce "lambarki" sai in ga sona yake. Ina da wani tsohon layi da ya mutu, shi nake ba masu naci. Shi na rubuta masa, nawa da na Rifkatu duka. Har dariya na yi a raina, wai na yi wayo. Kaico!

Wata Litinin muka dawo daga gida da rana tsaka, ƙishi kamar ya kashe mu. Ashe tun safe an tura wa kowa saƙo kada a sha ruwan tankin ɗakin kwana, ya gurɓace. Ni na sayi na leda a tasha. Rifkatu ta kafa kai a famfo ta sha ta ƙoshi.

Washegari sai amai da gudawa. Kafin azahar idonta ya faɗa, ko kanta ba ta iya ɗagawa. Wa ya ɗauke mu a motarsa zuwa asibiti? Malam Kabiru!

A hanya ya ce, "Malama, ba ku ga saƙo ba?"

Na ce, "Babu sabis a garinmu."

Ku ji fa, yarinya na mutuwa a cinyata, ina ƙara ƙarya a kan ƙarya.

Da aka sa mata ruwa, na zagaya bayan ɗakin na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, ni ce mai laifi. Girman kaina ne. Kada ka bari ta biya." Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Kwana uku, Rifkatu ta buɗe ido ta ce tana son kunu. Halleluya!

Na je na gyara lambobin, na faɗa wa Malam Kabiru gaskiya. Sai ya ce, "Allah ya kiyaye gaba."

Amma akwai wadda ban taɓa faɗa wa ba. Ga ta can a layin baya, yanzu take ji. Rifkatu, ba sabis ba ne. Ni ce. Ki yafe mini.

Na gode wa Yesu da ya bar mini ke da rai har na iya roƙonki. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Amin.