Injin Haƙa Ramin da Ya Raba Mijina da Hannunsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Fanna daga Gashua.

Mijina Bukar direban tarakta ne a gonar kawunsa da ke hanyar Dagona. Bara Kawu ya so ya kewaye gonar da waya saboda shanu, sai suka je Nguru sayen injin haƙa ramin kafa turaku, irin wanda ake ɗaura wa tarakta a baya. Suka tarar da guda biyu, ɗaya da murfi a kan sandar da ke juyawa, ɗayan kuwa babu. Bukar ya ce, "Kawu, mu ɗauki mai murfin nan." Kawu ya ce, "Murfi ne zai haƙa ramin? Wannan ya fi ƙarfi." Haka aka sayo marar murfin.

Ran nan ƙasa ta yi tauri, injin ya ƙi nutsewa. Bukar ya sauko ya danna shi, sandar ta cafki hannun rigarsa ta nannaɗe. Kafin a kashe tarakta, aikin gama ya gama. A asibiti aka yanke hannun daga kafaɗa. Yanzu ni nake zura masa riga, yana kawar da kai don kada mu haɗa ido.

Injin yana nan yadda yake, kuma an miƙa shi ga Modu, ƙanin Bukar. Na durƙusa na roƙi Kawu a sa murfi, ya ce, "Ƙaddara ce, 'yata."

Jama'a, ku ba ni shawara. Yaya suruka za ta hana babba ba a ce ta yi rashin kunya ba? Gobe da safe ma Modu zai fita da shi.