Tarin da ke Cikin Waƙa ta Uku

A shagon faifai a birnin Novi Sad, wani dattijo na tsaye a layi da sabon bugun kundin wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙa. Matar da ke bayansa ta leƙo.

"Baba, mayarwa za ka yi? Ai an tace sautin, lasifika shida, kamar kana zaune a tsakiyarsu."

"Tacewar ce ta kashe ni, 'yata. Kin san tarin nan na waƙa ta uku?"

"Wa bai san shi ba?"

"Shekara arba'in ina gaya wa matata ni na yi shi ranar ɗaukar waƙar. Da shi na shawo kanta."

"Gogewa suka yi?"

"Ina ma. Jiya surukina ya kunna mana, tarin ya fito ta bayan kujera tangaran. Na mace ne."

"To ka ce kana wurin, tarin ne ba naka ba."

"Na faɗa. Ta ce wace ce a gefena. Dole na rantse ban taɓa taka wurin ba. Maƙaryaci dai ana zuba masa miya, ba kamar maci amana ba."

"Kuma da gaske ba ka je ba?"

"Ban je ba. Ita ma Zorka da ta yi tarin ba laifinta ba ne, mura take yi ranar."