Silon Babur ɗin Dattijo

A bakin wani tafki da ya daskare a tsibirin Hokkaido, inda masu kamun kifi ke ajiye baburansu na tafiya kan ƙanƙara, wata mata mai suna Chizuru ta tsaya kan wani dattijo. Injin babur ɗinsa na ta kururuwa, ya ɗaure birki da igiya.

"Baba, wannan ihun fa? Babur a tsaye, inji na gudu haka? Silo ya yi yawa!"

"Haka yake, 'yata. Shekara uku ke nan, mun saba."

"Kun saba! Ran da igiyar ta tsinke ya ja ka cikin ruwa, sai ka gaya wa kifi kun saba. Ni bakanikiya ce, miƙo sukundireba in rage."

"Kul! Ba mai taɓa min kafireto."

"Na zinariya ne?"

"Ɗana ne ya saita shi, a hunturun da ya rasu."

Ta kashe injin, ta durƙusa, ta bi robar da ke haɗa kafireto da inji da yatsa.

"Duba nan, Baba. Robar ce ta tsage, iska ke kutsawa. Zan naɗe ta da salatif, amma gobe-goben nan ka sayi sabuwa."

Ta naɗe, ta tayar. Injin ya kwantar da murya, yana bugawa a hankali.

"Ba ki juya komai ba?"

"Ko kaɗan. Saitin daidai yake. Wanda ya yi shi ya iya aiki."

Dattijon ya cire hula, ya rusuna mata sosai.

"Na gode. Kar ki kashe tukuna, 'yata. Haka yake kuka ran da ɗana ya miƙa min makulli."