Marfin Tangaran ɗin Inna Kaltume

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wanga taro, magajin garin Illela da muƙarrabansa, malamanmu, iyayenmu mata da sunka taho daga Bazaga da Tajaye, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni ce Sahiya, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, yau kuma ƙungiyar mata ta ɗora mini bayanin tsofaffin tukwanen tangaran da kuke gani jere bisa teburan nan. Muna godiya ga duk wadda ta amince ta fiddo nata daga ƙarƙashin gado.

Jama'a, tukwanen nan da iyayenmu ke ɓoye cincin da dabino a ciki, yau masu tara kayan tarihi suna nemansu daga Yamai har ƙetare, mu kuma muna musanya su da robar wanki! To ga yadda ake gane na ƙwarai.

Na farko, ki ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta yi amo garau, lafiyarta lau; in ta yi ɓus, akwai tsaga a ɓoye. Na biyu, ki kife ta, ki dubi tambarin maƙera a gindi. Na ukku, don Allah ku bar ta da tsufanta. Mun san halinmu, in baƙi za su zo sai a ɗauko toka da yashi a dirje komi har ya yi ƙyalli. Wata ƙawata ta dirji tata daren jiya don ta burge mu, furannin zinariyar duk sun bi ruwa. Ba zan faɗi sunanta ba, ga ta can tana rufe fuska da mayafi.

Na huɗu shi ne marfi, kuma a nan zan daɗe. Tukunyar da marfinta ba nata ba ne, darajarta ta faɗi warwas. Inna Kaltume ta Tajaye, ga ta zaune a gaba, wani ɗan kasuwa ya duba tata ya ce marfin baƙo ne, robobi biyu kawai zai ba ta. Ta ce mini, "Malama, ita kaɗai ta rage mini daga kayan ɗakina. Amma in ba ta da daraja, ranar kasuwa in ba shi in huta, ko ruwa na tara a roba."

Na karɓi tukunyar na duba. Jikinta furen shuɗi, marfin kuma koren ganye. Wallahi sai na tuna, ta mahaifiyata marigayiya jikinta koren ganye ne, marfinta furen shuɗi, kuma tun ina ƙarama yake rawa a kanta. Kun san al'adarmu ta aron jere: in za a yi biki, a ari tangaran gida gida a ƙawata ɗakin amarya, bayan kwana bakwai a wanke a mayar. Munka bi zance, ashe shekara arba'in da ɗori da sunka wuce, biki ɗaya anka ara tukwanen biyu a Tajaye, masu wanki sunka musanya marfi, ba wadda ta lura.

Inna Kaltume, ga marfinki na taho da shi. Ku duba, jama'a, ku saurara. Kun ji yadda ya zauna daram, ko motsi babu? Inna, yanzu tukunyarki ta cika, in ɗan kasuwa ya dawo ki ce ya riƙe robobinsa. Ni ma ki miƙo mini na uwata, na daɗe ina jiransa ban sani ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da sunka adana mana, ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gida lafiya, tukunyarsa ba tsaga. Na gode.