Waƙar Mai Biko

A tashar Daura, cikin motar Baure da ke jiran cika, wani saurayi ya kunna waƙar da ake yayi a wayarsa. Dattijon da ke gefensa, rungume da ƙullin goro da turmin atamfa, ya ja tsaki.

"Samari, a kan irin wannan waƙar liman ya yi huɗuba ranar Juma'a. Me ma mawaƙin yake cewa?"

"Roƙon matarsa yake ta dawo, Baba. Wai tun da ta yi yaji abinci ya daina yi masa daɗi."

"Ƙarya yake. Abinci da daɗinsa, mai dafawa ce babu."

"Ya kuma ce laifinsa ne."

"A bainar jama'a?"

"Har da kiɗa."

"Allah ya kyauta. To, ta dawo?"

"Waƙar ba ta faɗa ba."

"Ka ji aikin banza."

Saurayin ya kashe wayar don kunya.

"Wa ya ce ka kashe? Maido wurin da ya ce laifinsa ne. Kafin mu kai Baure nake so ya zauna mini a ka. Surukina ba ya son kame-kame."