Mutumin da Ya San Zurfin Rijiyoyinmu

Jawabin Injiniya Shekari Mordecai a taron tunawa da marigayi Malam Abdulrahim Hamza, wanda aka yi a Samaru kwana arba'in bayan rasuwarsa.

Mai girma wakilin Hakimi, wakilin Kwamishina, iyayenmu limamai da fastoci, masu unguwannin Bomo da Dogarawa, abokan aiki, Hajiya Kaltume mai ɗakin marigayi, 'ya'yanmu Umar Farouk da Nana Hafsat, jama'a maza da mata, ina gaishe ku. Ya haƙurinmu baki ɗaya?

Da aka ce ni zan yi magana yau, sau biyu ina cewa a nemi wani. Shekara ashirin da shida muna shiga mota ɗaya da Malam Abdulrahim, kuma a duk taron da muka je shi ne mai magana, ni mai riƙe takardu. Idan muryata ta sarƙe, ku yi mini uzuri.

Da yawanku kun san shi da ganin ido: dogon mutum mai farar hula, da igiyar awo a kafaɗa, yana leƙa rijiyoyin mutane. Amma ba kowa ya san me yake nema ba. Aikinmu shi ne mu san yawan ruwan da jihar nan take ɗiba. Nawa ake ja daga madatsai, nawa masu noman rani ke zuƙa da injuna a bakin kogin Galma, nawa masu ruwan leda ke fitarwa a Sabon Gari, nawa ya rage a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin da ya kama aiki babu wanda zai iya ba ka wannan amsa. Shi ya ce sai an tara ta a kundi ɗaya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, har ashirin da uku.

Ya kasance mutum ne da ba ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. A kaina na koyi wannan. A shekarata ta biyu mun je wani ƙauye bayan Ikara, rana ta yi zafi, na gaji, saura rijiya ɗaya can bayan gonaki. Na ce masa na je, alhali ban je ba. Na dubi awon watan jiya na rubuta lamba mai kama da shi. Mun kusa shigowa Zariya ya buɗe littafin awon, ya dubi igiyar, sannan ya ce, “Shekari, igiyar nan a bushe take.”

Na ce, “Yallaɓai, ai bambancin ba zai kai taku ɗaya ba.”

Ya ce wa direba ya juya. Muka koma. Da muka zura igiya sai ta bugi laka; rijiyar ta ƙafe tun mako biyu, matan garin suna tafiya mai nisa neman ruwa. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Da mun kai lambarka ofis, da an ce mutanen nan suna da ruwa.” Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yau ni na faɗa da bakina.

Ya kasance mai haƙuri da mutane fiye da yadda yake haƙuri da kansa. Mutanen Bomo, ku ne shaidata. Kun tuna shekarar da rijiyoyin gidajenku suka ƙafe tun watan Fabrairu, bayan an cika unguwa da ɗakunan hayar ɗalibai, kowane gida da rijiyar burtsatse. Matasa sun ce za su fasa tankunan masu gidajen haya. Masu gidajen sun ce za su kira 'yan sanda. Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, Malam ya shimfiɗa awon shekara tara a kan tabarma, ya nuna yadda ruwa ya sauka daga mita shida zuwa sha huɗu.

Madam Bisi, ga ta can zaune, ta ba ni izinin faɗin wannan. Ita ce mai gidan haya mafi girma a lokacin. Ta miƙe ta ce, “Malam, fili nawa ne, rijiya tawa ce. Wa na cuta?”

Ya ce, “Madam, ba ki yi niyyar cutar kowa ba. Amma ruwan da injinki ke ja shi ne wanda gugan maƙwabciyarki ke nema. Zo mu auna tare ki gani.”

Ta je. Aka kunna injinta, aka zura igiya a rijiyar maƙwabta, ta ga ruwa yana sauka a gaban idonta. Ita ce ta fara yarda a sa mata mitar auna ruwa, ta rage awannin jan ruwa, ta kafa famfo a bayan katanga don mata su ɗiba. Sauran suka bi, wasu da daɗin rai, wasu da ƙyar. Ba duk rijiyoyin ne suka dawo ba. Ba zan yi ƙarya a taron Malam ba. Amma bayan damina biyu fiye da rabi sun dawo, kuma ba a fasa kan kowa ba.

Ya kasance yana zuwa gidana a Sabon Gari duk Kirsimeti, ya ci shinkafar matata Edith, ya ce gishiri ya yi yawa, ya ƙara. Ni kuma da azumi nakan ɓoye gorar ruwana a bayan kujera. Wata rana ya ce, “Sha abinka, Shekari. Azumin nawa ne, ba naka ba.”

Ranar Talatar da ya rasu muna Dogarawa da hantsi, a bakin wata tsohuwar rijiya da yake aunawa tun kafin a haifi Nana Hafsat. Ya karanto mini lamba, na rubuta. Sai ya zauna a kan dakali ya ce, “Kaina na juyawa.” Na ce mu tafi asibiti. Ya ce in fara naɗe igiya tukuna, kada ta yi datti. Na naɗe. Har yau ina tambayar kaina me ya sa na tsaya naɗewa, ko da yake likita ya ce mintunan nan ba su za su canza komai ba. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Ya bar ƙananan hukumomi ashirin da ɗaya a kammale. Biyun da suka rage, rashin tsaro a hanya ne ya hana shi, kuma abin yana cin ransa. Ranka ya daɗe wakilin Kwamishina, roƙonmu ɗaya ne: kada kundin nan ya ƙare a cikin durowa. Kafin a ba wani izinin haƙa sabuwar rijiya ko jan ruwa daga madatsa, a buɗe shi a duba. Mu kuma za mu ƙarasa biyun nan, in Allah ya yarda.

Hajiya Kaltume, mun ɗauke miki shi da yawa. Sau nawa kika dafa abinci ya huce yana wani ƙauye? Ba mu taɓa cewa mun gode ba. Yau muna faɗa, kuma mun san mun makara. Umar Farouk, ranar da ka karɓi digirinka babanka ya iso bayan an tashi, domin ambaliya ta tare mu a gada. Ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Abin da ba ka sani ba shi ne, a bakin gadar nan na ga babanka yana share hawaye da hannun riga, karo ɗaya tak a shekara ashirin da shida. Nana Hafsat, duk abin da za ki je wa Baba da shi, ƙofata a buɗe take. Ba zan kai shi ba, amma zan saurare ki.

Hajiya, tabaraunsa na karatu yana cikin motar ofis tun ranar. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanki da shi in kasa shiga. Ga shi a aljihuna. In an tashi zan ba ki.

Muna gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo, da waɗanda suka shirya wannan zama.

Allah ya jiƙan Malam Abdulrahim, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Allah ya ba Hajiya da yara juriyar wannan rashi, ya tsaya musu a inda shi yake tsaya musu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu riƙe amana, ya kyauta namu ƙarshen. Amin.