Tuwon Mutum Arba'in

Shugaban wannan taro Malam Sa'idu, dattawanmu na Saulawa da Kurmin Kogi, Arɗo Ahmadu da jama'arsa, 'yan'uwana manoman Makarfi, Ikara da Kudan, iyayenmu mata da ke saurare a bayan zana, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka zo, ko da yake bara filin nan bai ɗauke mu ba, yau kuwa inuwar tsamiya ɗaya ta ishe mu.

Magana ta farko tarihi ce. Kun san an tura ni Ingila koyon aikin ƙungiyoyin manoma. A Mancesta, inda audugarmu take zuwa, na sauka gidan wani tsohon tela Bayahude, Mendel. Shi ya ba ni labarin kakanninsa a ƙasar da Sarkin Rasha yake mulki: teloli da dukawa da masaƙa, talakawa tilis, suna aiki tun duku-duku har idonsu ya daina ganin kafar allura. A shekarar 1897 mutum goma sha uku suka haɗu a ɓoye a garin Bilna suka kafa ƙungiyar ma'aikata. Aka kama su, aka kore su, wasu suka haye teku suka sake kafawa a Ingila da Amurka. A birnin Niyok 'yan mata masu ɗinki kusan dubu ashirin suka ajiye aiki a 1909. Bayan shekara biyu gobara ta cinye mutum ɗari da arba'in da shida a wata masana'anta, don an kulle musu ƙofa. Waɗanda suka zauna a gida kuwa, yaƙin Hitila ya share yawancinsu, har da ƙannen Mendel biyu.

Na tambaye shi abin da ya riƙe su duk tsawon wannan wahala. Na zaci zai ce jarida ko tuta. Sai ya ce idan aka kama tela, sauran su raba ɗinkinsa su ƙarasa, su kai burodi gidansa kafin su kai nasu. Ya ce mini, "Sama'ila, kama shugaba ba ya kashe ƙungiya. Ranar da iyalinsa suka kwana da yunwa, ranar take mutuwa."

Magana ta biyu tamu ce, kuma ba ta da daɗi. Shekara uku ke nan da samun mulkin kai, amma ana cikin shuka aka kwashe mu aikin hanya. Mu muka ce Maiwada na Saulawa ya tashi a kasuwa ya faɗi kukanmu. Ya faɗa, aka ɗaure shi wata shida don bai nemi izini ba. Muka yi masa alkawari gonarsa ba za ta ga ciyawa ba.

Aka kira gayya. Kun san al'adar, mai gona shi ke ciyar da masu noma. Matarsa Zulai ta ji an ce mutum arba'in za su zo, ta share rumbu ta tuƙa tuwon mutum arba'in. Makaɗi ya yi ta kiɗa har hantsi. Mutum uku suka zo, ɗayansu Baba Inuwa ne, mahaifin Maiwada, wanda ba ya iya miƙe baya. Tuwon ya kwana, ya lalace, aka zuba wa awaki.

Ba zan nuna kowa da yatsa ba, domin ni ma ban je ba. Ni da na haye teku, ni da nake yi muku karatun hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na ji an ce za a rubuta sunayen waɗanda suka je, sai na shige ɗaki na ce zazzaɓi nake yi. Kunyar wannan tana ci na har yau.

Magana ta uku gajeriya ce. Ciyawa ta kusa rufe dawar, in mako ya wuce babu abin da za a tsira da shi. Jibi da sassafe ina gonar da fartanyata, ko da ni da Baba Inuwa ne kawai. Wanda zai zo ya zo da guzurinsa, kada ya sa ran tuwo. Abincinmu Zulai ta riga ta dafa shi, kuma shi ne abincin 'ya'yanta na damina.

Allah Ya fito da Maiwada lafiya, Allah Ya cire mana tsoron da ba nasa ba, Allah Ya yafe mana abin da muka yi wa gidan nan, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.